Yadda ake shirya ziyarar Konwol, ƙasar kuza da teku a ƙuryar Ingila

Konwol yanki ne da ya miƙe cikin Tekun Atlantika a can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuwa Kogin Tamar ne ya raba shi da maƙwabciyarsa Devon. A takardar hukuma gunduma ce ta Ingila mai mutane kimanin 570,000, amma da yawa daga cikin 'yan ƙasar suna ɗaukar kansu Keltawa, dangin mutanen Wales da na yankin Bretagne da ke Faransa, suna da harshensu na gado da tutarsu baƙa mai farin gicciye, kuma a 2014 gwamnatin Birtaniya ta amince da su a matsayin al'umma mai asalin kanta. Baƙi da yawa sukan zo na kwana biyu, su ɗauki hoto a Land's End, wato tsinin ƙarshe na yammacin yankin, su ci kifi a bakin teku, su koma Landan suna cewa sun ga Konwol, alhali abin da ya sa wurin ya cancanci wahalar tafiya yana nan a ramukan ma'adinai da tsoffin duwatsu da ƙananan tashoshin masunta waɗanda ba a isa gare su da gaggawa. Shawarata ita ce a ware mako guda, a yada zango wuri ɗaya a ƙarshen yamma, a tsara kowace rana bisa cika da janyewar teku, sannan a yarda a taka ƙasa da ƙafa. Ga yadda ake yi.

Takardu da zaɓen lokaci

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar ziyara ta Birtaniya, wadda takan ba da damar zama har wata shida. Ana iya neman ta wata uku kafin ranar tafiya, kuma ya fi kyau a yi hakan da wuri, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Wanda yake da bizar Shengen ta Faransa ko Jamus ya sani cewa ba ta shigar da shi Birtaniya. Ɗalibai da ma'aikatan da suke zaune a ƙasar ba su da wannan ɗawainiya, nasu kawai zaɓen lokaci ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ko kuma watan Satumba. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun Ingila suna hutu, kowa ya kwaso iyalinsa ya yo yamma, masauki ya yi tsada, hanyoyi su cushe, wurin ajiye mota ya gagara. Da hunturu kuwa iska da ruwan sama ba sa sassautawa, rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, wuraren tarihi da yawa kuma a rufe suke. Idan kana son ganin al'adar mutanen a fili, to, daidaita tafiyarka da ɗaya daga cikin bukukuwansu: ranar 1 ga Mayu a Padstow, ko bikin rawar Helston wanda yakan faɗo 8 ga Mayu, ko bikin Golowan na Penzance a ƙarshen Yuni. Ranar 5 ga Maris ita ce ranar Piran, waliyyin da masu haƙar kuza suka riƙa, sai dai a lokacin sanyi bai saki ba.

Ko a tsakiyar bazararsu zafi ba ya cika wuce digiri 20 da yawa, iskar teku kuma tana ratsa riga. Ka tanadi rigar ruwa mai hula, da rigar sanyi marar nauyi, da takalmi mai riƙe idon sawu wanda ƙasansa ba ya santsi. Lema ba ta da amfani sosai a kan gaɓa, domin iska za ta juye ta kafin ka yi nisa.

Hanya da masauki

Daga filin jirgin sama na Heathrow akwai jirgin ƙasa kai tsaye zuwa tashar Paddington a Landan, daga nan kuma ake hawa jirgin Penzance, tafiyar sa'a biyar ko ɗan fiye. Tikitin da aka saya makonni kafin ranar ya fi na ranar tafiya arha nesa ba kusa ba, amma yana ɗaure mutum da jirgi guda, idan ka makara ka yi asara. Ka nemi kujerar taga ta hannun hagu. Bayan an wuce Exeter layin dogo yana bin bakin teku a Dawlish har feshin ruwa yakan taɓa gilashi, bayan Plymouth kuma za a haye Tamar ta kan gadar ƙarfe da injiniya Brunel ya gina, aka buɗe a 1859, wadda ita ce ƙofar shiga Konwol. Akwai kuma jirgin kwana mai ɗakunan barci da yake tashi daga Paddington da dare ya iso Penzance da safe, kowane dare ban da daren Asabar, yana kuwa rage wa matafiyi kuɗin otel na kwana ɗaya.

Penzance nake ba da shawarar a zauna. Nan layin dogo ya ƙare, tashar bas tana dab da tashar jirgi, akwai manyan kantunan cefane, kuma gari ne da mutane ke zaune a cikinsa duk shekara, saɓanin wasu ƙauyukan gaɓa waɗanda rabin gidajensu na masu hutu ne. Garin St Ives da ke gaɓar arewa ya fi shi kyan gani amma ya fi tsada da cunkoso, gara a je masa yini guda. Mai iyali ya nemi gida mai kicin, domin dafa abinci da kai yana warware matsalar halal da ta kuɗi a lokaci guda.

Tambayar mota tana buƙatar tunani. Ana tuƙi ta hannun hagu, kuma da zarar an bar babbar hanyar A30 sai a shiga hanyoyin ƙauye masu ƙunci kamar lungunan tsohon birnin Kano, inda mota ɗaya ce ke wucewa a lokaci guda. Abin da ke gefen hanyar yana kama da shingen ciyawa mai laushi, amma a ƙarƙashin ganyen katangar dutse ce, wanda ya goga motarsa zai biya kamfanin haya. Idan motoci biyu suka yi kiciɓis, wanda ya fi kusa da ɗan faɗin da aka tanada shi ne zai ja da baya, a ɗaga wa juna hannu a wuce. Wanda bai saba ba gara ya hau bas, domin akwai basuna daga Penzance zuwa Land's End da St Just da St Ives, ana biya da katin banki. Abin kiyayewa kawai shi ne lokacin bas na ƙarshe, musamman ranar Lahadi.

Jadawalin teku kafin komai

Wannan shi ne matakin da baƙon da ya taso nesa da teku ya fi rainawa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Sau biyu a kowane yini teku yana cika ya janye, tsakanin cika da janyewa sa'a shida da 'yan mintoci, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Bambancin tsayin ruwan yakan kai mita biyar ko fiye. Wannan yana nufin yashin da ka shimfiɗa darduma a kansa da hantsi yana iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar, hanyar da ka bi ka shiga wani lungun gaɓa kuma ta toshe alhali kana ciki. Mai lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan, domin cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, a tsakiyar waɗannan lokuta biyu kuwa motsin ruwan yakan ragu. Ana sayar da ɗan littafin jadawalin a kantunan jarida, yana nan kuma a intanet kyauta. Kowane dare ka duba lokacin janyewar gobe, sannan ka tsara yininka.

Idan za a shiga ruwa, a shiga inda masu ceto na ƙungiyar RNLI suke aiki, tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya. Tuta mai baƙi da fari ta masu hawan igiyar ruwa da allo ce, jar tuta zalla kuma haramcin shiga ce. Ruwan yana da sanyi ko a Agusta, bai cika wuce digiri 17 ba, kuma akwai wuraren da yake da ja mai ƙarfi zuwa cikin teku. Wanda wannan ja ya kama kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya yi numfashi a natse ya ɗaga hannu. Wanda ya ga wani cikin hatsari ya kira 999 ya nemi masu tsaron gaɓa, kada ya faɗa ruwa da sunan taimako.

Ranar farko ta zama ta St Michael's Mount, domin a nan ne za ka ga aikin jadawalin da idonka. Tsibiri ne na dutse mai tsohuwar fada da coci a samansa, yana fuskantar garin Marazion, kimanin kilomita biyar daga Penzance ta shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin teku. Idan ruwa ya janye sai wata turba da aka jera da duwatsu ta bayyana, tsawonta kusan rabin kilomita, a taka a haye. Bayan 'yan sa'o'i ruwa ya dawo ya rufe ta, sai kwale-kwale. Dabarar ita ce ka isa Marazion kafin turbar ta buɗe, ka haye da ƙafa, ka komo a kwale-kwale idan lokacin aikinsa ne. Iyalin St Aubyn suna zaune a fadar har yau, ko da yake sun miƙa mafi yawan tsibirin ga ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust a 1954. Ka sayi tikiti tun kafin ranar, ka kuma tabbatar a buɗe yake, domin ba kullum ake shiga ba.

Gaɓar kuza

A ganina nan ne zuciyar tafiyar, kuma idan lokaci ya ƙure a yanke komai a bar wannan. Ka hau bas zuwa Pendeen da sassafe, ka fara da mahaƙar Geevor, wadda ta daina aiki a 1990 aka mai da ta gidan tarihi. An bar ɗakin da ma'aikata ke sauya tufafi kusan yadda suka fita suka bar shi, akwatunan ƙarfe da riguna da takalma masu jan ƙura, da rubuce-rubucen da suka yi a ranar ƙarshe. Za a ba ka hular kwano ka shiga wani tsohon rami na ƙarni na 18, ƙunci ne da ɗigar ruwa da duhu, dogon mutum sai ya sunkuya. Minti kaɗan a ciki sun isa su nuna maka abin da ake nufi da aikin sa'a takwas a ƙarƙashin ƙasa.

Daga Geevor ka bi hanyar ƙafa ta gaɓa zuwa kudu. Ba da nisa ba za ka iso Levant, inda injin tururi na 1840 yake nan a ɗakinsa na asali, ana kuma tayar da shi a wasu ranaku. Ramukan Levant sun shiga ƙarƙashin teku fiye da kilomita ɗaya. A watan Oktoban 1919 na'urar da ke hawa da saukar da ma'aikata ta karye, mutum 31 suka mutu a yini guda, babu wani ƙauye a kewayen da bai yi makoki ba. Gaba kaɗan sai Botallack, inda ɗakunan inji biyu suke maƙale a jikin dutse dab da inda igiyar ruwa ke dukansa. A saman tudun akwai kangon wasu ƙananan ɗakuna masu lanƙwasa, waɗanda hayaƙin ƙona ma'adini ke bi ta cikinsu don gubar asenik ta daskare a bango, maza da yara su shiga su kankare ta, kariyarsu auduga a hanci da yumɓu a fata. Mata kuwa a sarari suke aiki, suna fasa duwatsu da guduma. Tafiyar gaba ɗaya zuwa St Just ba ta wuce kilomita shida ko bakwai ba, amma ka ba ta yini guda.

Yana da kyau a fahimci abin da ake kallo. Dogayen bututun hayaƙi da kangon ɗakunan da suka cika wannan gaɓa ba masana'antu ba ne, gidajen injunan tururi ne, da yawansu na zuƙe ruwa. Kuza da jan ƙarfe a Konwol suna cikin jijiyoyin dutse ne masu zurfi, duk yadda rami ya ƙara nisa ruwa yana ƙara cika shi, sai da injin tururi ya samu aka iya bin su ƙasa. Wannan buƙata ce ta haifar da injiniyoyi irin Richard Trevithick, ɗan yankin Camborne, wanda a 1801 ya tuƙa keken tururi a kan titi. Da kasuwar jan ƙarfe ta faɗi a 1866, kuzar Malaya kuma ta shigo da arha, sai dubban ma'aikata suka watsu zuwa Meziko da Ostareliya da Amurka da Afirka ta Kudu. Mahaƙar kuza ta ƙarshe, South Crofty, ta rufe a 1998, sannan a 2006 UNESCO ta sanya waɗannan wurare cikin kayan tarihin duniya.

Bahaushe yana da dalilin tsayawa ya yi tunani a nan. Tun kafin zuwan Turawa ana narkar da kuza a Riruwai ta ƙasar Kano, da kamfanonin Ingila suka buɗe haƙar kuza a tsaunin Jos a farkon ƙarni na 20 kuwa, akwai mutanen Konwol cikin injiniyoyi da shugabannin aiki, Hausawa masu yawa kuma cikin leburori. Bambancin shi ne kuzar Jos a cikin yashi da tsakuwar tsoffin rafuka take, wanke ta ake yi a buɗaɗɗen fili, shi ya sa abin da ta bari can tafkuna ne da tulin ƙasa, a nan kuwa rijiyoyi da bututun hayaƙi. Maganar rijiyoyi ta sa dole in ja kunne: kada a bar turba a kutsa cikin ciyayi, kada a haye shinge, domin akwai tsoffin ramuka da ba a gani sai an taka.

Duwatsun da suka girmi Keltawa

Yini na gaba na tudun da ke tsakanin Penzance da gaɓar arewa ne. A Chysauster akwai kangon ƙauyen da aka zauna kimanin shekara 2,000 da suka wuce, gidajen dutse ne, kowanne da tsakar gida a buɗe da ɗakuna a kewaye, har yanzu ana ganin magudanar ruwa da dutsen da aka kafa ginshiƙin rufi a kansa. Waɗannan mutane su ne za a iya kira Keltawa. Sauran duwatsun da ake yawan ɗauka a hoto sun girme su da nisa, kuma kuskure ne a haɗa su. Lanyon Quoit faffaɗan dutse ne a kan ƙafafu uku a gefen hanya, guguwa ta kayar da shi a 1815 aka sake ɗaga shi a 1824. Mên-an-Tol dutse ne mai huda a tsakiya wadda mutum zai iya ratsawa, a da can iyaye sukan ratsar da yara marasa lafiya ta ciki don neman sauƙi. Merry Maidens, kusa da Lamorna, da'ira ce ta duwatsu 19, mutanen baya suka ƙaga labarin cewa 'yan mata ne da suka yi rawa ranar Lahadi aka mai da su dutse. Yawancinsu a cikin gonakin mutane suke, ba mai gadi ba kuɗin shiga, saboda haka a rufe kowace ƙofar shinge da aka buɗe, a kauce wa shanu masu 'yan maruƙa, kada a hau duwatsun.

A wannan yawo ne za ka fara lura da harshen. Sunayen wurare da yawa suna farawa da Tre, ko Pol, ko Pen, wato gidan gona, da tafki, da kan tudu ko bakin tsiri, sanin wannan kuwa yana taimakawa wajen karanta taswira. Harshen Kernewek ya ja da baya ƙarni bayan ƙarni, musamman bayan boren 1549 da aka yi don ƙin littafin addu'a na Ingilishi, aka murƙushe shi da jini. Dolly Pentreath, mai sayar da kifi ta ƙauyen Mousehole wadda ta rasu a 1777, ita ake yawan ambata cikin na ƙarshe da suka tashi da harshen a baki, akwai kuma dutsen tunawa da ita a jikin katangar cocin Paul. A farkon ƙarni na 20 Henry Jenner da wasu suka tayar da shi daga tsoffin rubuce-rubuce, a 2002 gwamnati ta amince da shi. Masu jin sa sosai ba su da yawa, kowa Ingilishi yake yi, amma za ka gan shi a allunan tituna, kuma idan ka ce "meur ras" maimakon godiyar Ingilishi fuskar mai kanti takan saki.

Masunta da wayar ƙarƙashin teku

Daga Penzance ana takawa ta bakin ruwa zuwa Newlyn, ɗaya daga cikin manyan tashoshin kamun kifi na Ingila, a wuce zuwa Mousehole. A kan hanya akwai tsohon gidan jirgin ceto na Penlee. Daren 19 ga Disamba 1981 jirgin ceton Solomon Browne ya fita cikin guguwa don taimakon wani jirgin dakon kaya, duka ma'aikatansa takwas, 'yan sa kai daga Mousehole, ba su dawo ba, haka ma mutum takwas na ɗaya jirgin. Iyalansu suna nan a ƙauyen, don haka a tsaya wurin da natsuwa, ba da hayaniyar ɗaukar hoto ba.

Wata rana kuma ka je Porthcurno. A wannan ɗan kwari ne aka fito da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku zuwa Bombay ta Indiya a 1870, wurin ya zama mahaɗar saƙonnin daular Birtaniya, gidan tarihinsa yana da ramukan da aka fafe cikin dutse lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don kare na'urori. A saman gaɓar akwai dandalin wasan kwaikwayo na Minack, wanda Rowena Cade da ma'aikatan lambunta suka sassaƙa a jikin dutse, aka fara wasa a 1932. Daga nan zuwa Land's End tafiyar kimanin kilomita takwas ce a kan hanyar ƙafa mai alamar ƙwallon itacen oak, ɓangare na doguwar turbar kudu maso yamma mai mil 630. Hawa da gangara ne, ka ba ta sa'a uku, ka ɗauki ruwan sha, ka nisanci baki musamman idan hazo ya sauko. Wanda ya iso Land's End da ƙafa ta wannan hanya ya riga ya ga abin da ya fi wurin kansa kyau, kantunan da ke can ba sa buƙatar fiye da rabin sa'a.

St Ives kuwa a jirgin ƙasa ake zuwa masa, a sauya a St Erth, tafiyar kusan minti goma a bakin teku. Akwai gidan zane-zane na Tate da lambun sassaƙa na Barbara Hepworth. Tsuntsayen tekun garin sun ƙware wajen fizgar abinci daga hannu, a ci a ƙarƙashin rumfa ko a jingina da bango.

Abinci da salla

Abincin da Konwol ta shahara da shi shi ne fasti, ɓawon fulawa da aka naɗe naman shanu da dankalin Turawa da albasa da wata saiwa rawaya a ciki, aka murɗe bakinsa, abincin ma'aikatan rami ne tun asali. Musulmi ya lura da abu biyu: naman ba yankan Musulunci ba ne, ɓawon kuma sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa shi, har da na mai cuku a wasu wuraren. Ka nemi wanda aka rubuta na masu cin ganyayyaki ne, ka kuma tambaya. Kifi ne mafita mafi sauƙi, sai dai wasu suna zuba giya a ƙullin da ake tsoma shi, wasu suna soyawa da kitsen shanu, tambaya ɗaya ta wadatar kuma ba sa jin haushinta. Shayin la'asar da ƙaramin burodi da jam da kakkauran kirim ba shi da matsala, a Konwol jam ake fara shafawa sannan kirim.

Masallaci ba ya da yawa. Akwai cibiyar Musulmi a Carnon Downs kusa da Truro, wanda yake son Juma'a ya tsara ranar da wuri, domin tafiyar daga Penzance tana cin rabin yini. Alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa kudu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, alfijir kuma yana ketowa da wuri ƙwarai, saboda haka a saita manhajar lokutan salla bisa garin da ake ciki.

Idan akwai sauran kwanaki

Tintagel yana gaɓar arewa, tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi a mota, babu jirgin ƙasa. Ana tallata shi da sunan Sarki Arthur na tatsuniyoyin Birtaniya, labarin da marubutan ƙarni na 12 suka jingina masa, kangon fadar kuwa na shekarun 1230 ne, Richard mai sarautar Konwol ya gina. Abin da ya fi tatsuniyar daraja shi ne abin da masu tonon tarihi suka samu: tarin fasassun tuluna da akusan ƙarni na 5 zuwa na 7 daga Arewacin Afirka da gabashin Bahar Rum, shaidar cewa jiragen fatake suna kawo mai da kayan alatu wannan lungu bayan faɗuwar mulkin Rum. Gadar ƙafa da aka buɗe a 2019 ta rage wahalar matakala, tikiti kuma na ƙayyadadden lokaci ne. Lambun Eden da ke kusa da St Austell, inda ake renon tsirran ƙasashe masu zafi a cikin manyan rumfuna, wanda aka buɗe a 2001 cikin tsohon ramin farar ƙasa, abin sha'awa ne ga Bature, amma wanda ya taso yana ganin ayaba da rake a gona zai iya tsallake shi bai yi asara ba.

Duk inda ka je ka tuna cewa kyan wurin yana ɓoye talauci. Tun da ramuka suka rufe aiki ya yi ƙaranci, masu kuɗi daga wasu garuruwa sun saye gidaje don hutu har 'yan ƙasa suka kasa samun haya, abin da ya sa mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa sabbin gidaje na mazauna ne kawai. Ka sayi kifinka da burodinka a ƙananan kantunan gari, ka biya kuɗin shiga Geevor da zuciya ɗaya, kada ka tare ƙofar gidan kowa da mota.

Wajen komawa, kada ka haɗa jirgin ƙasa na Penzance da jirgin samanka a yini guda. Layin dogo ɗaya ne tak ya haɗa Konwol da sauran ƙasar, guguwa takan tsayar da shi a Dawlish, a 2014 ma teku ya cinye wani ɓangarensa har aka yi kusan wata biyu ba a wucewa. Ka baro Penzance kwana ɗaya kafin tashinka, ka kwana a Landan kusa da Paddington ko Heathrow.